Manyan Yatsun Malam Tokuji

Zuwa ga maigidana Tokuji,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan ka tashi lafiya. Yaya ƙarfin jiki? Yaya hannun, yaya ƙafar? Ina fatan suna ba ka miya mai ɗumi a asibitin nan, kuma kana sha, ba ture ta gefe kake yi kana kallon bango ba kamar yadda Chizuru ta ba ni labari. Mu nan tsibiri lafiya lau. Sanyi ya fara shigowa da safe, lemo ya nuna a kan tudu, kowa ya shiga ɗiba.

Baban Chizuru, ka aiko 'yarmu ta faɗa mini kada in zo, wai ba ka so in gan ka a haka. To, na ji. Waya ma ka ƙi karɓa, wai tun da ɓarin jikinka ya shanye harshenka ya yi nauyi. Sai ka ce dā can kai mai surutu ne! Shekara arba'in da 'yan kai ina zaune da "uhm" da "to", yanzu su ma za ka hana ni. Shi ya sa na ɗauko biro. Takarda ba ta da ido, don haka ba ka da hujjar korarta.

Saƙonka na biyu shi ne in sauke labulen ƙofar shago. Wannan kam ban yi ba, kuma gara in faɗa maka da kaina kafin wani ya kai maka. Ka san mutanen nan, ranar da suka ga an naɗe shuɗin labulen nan an shigar da shi ciki, sun san Malam ya bar tausa ke nan. Ni hannuna ya ƙi. Kullum da safe nakan rataye shi, in share tabarmi, in shimfiɗa katifar, in jera ƙyallayen da kake rufa wa mutane kafin ka danna su. Na wanke su duka, na goge, ko da yake babu wanda ya ɓata su.

Mutanenka kuwa ba su daina zuwa ba. Genzo mai jirgin fito ya leƙo shekaranjiya yana dafe da ƙugu, ya ce, "Uwar gida, yaushe wannan tsohon zai daina hutu ne? Bayana ya zama katako. Matata ta ce in kwanta ta tattaka ni, na ce a'a, ina son raina." Na ce masa ai da ya bari, ko ta huce haushin shekaru. Ya yi dariya, amma da zai fita na ga ya tsaya yana kallon matashin da kake durƙusawa a kai.

Ita kuwa Iya Umeno, ranar Talatarta na zagayowa sai ga ta da sandarta. Na ce, "Iya, ai kin san Malam yana Onomichi a kwance." Ta ce, "Na sani, ni ba kurma ba ce. Matsa in wuce." Ta kwanta a katifar, ta ce in rufa mata ƙyalle a baya, wai katifar ma ta san aikin. Kafin ruwan shayi ya tafasa ta yi barci har da minshari. Da ta farka ta ce ta ji sauƙi, amma in gaya maka sauƙin bai kai naka ba.

Na ba Genzo lemo ya kawo maka, na bishiyar bayan gida. Na ɓare su tsaf na cire zaren, yadda ka saba. Ka ci, don girman zaman da muka yi. Gidan ya yi mini faɗi, Baban Chizuru. Ina kewarka, ga shi na rubuta, tunda da baki ban taɓa iya faɗa ba.

Ka huta lafiya.

Taka,
Kinuyo

*

Zuwa ga Tokuji mai taurin kai,

Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da jiki, don haka aka koya mini a fara wasiƙa. Da fatan ka kwana lafiya. Ni dai raina a ɓace yake, kuma kai ka ɓata shi.

Chizuru ta kira ni daga tashar jirgin ƙasa tana kuka. Ta ce likita ya zaunar da ita ya yi mata bayani: watannin nan na farko su ne lokacin da hannu da ƙafa ke iya farfaɗowa, in aka yi sake suka wuce, sai su ƙage. Ta ce kullum matar da ke koyar da motsa jiki tana zuwa da keken marasa lafiya ta ɗauke ka, kai kuwa ka juya mata baya. Ta ce tunda ka ƙi, ba za su iya riƙe ka a wannan sashen ba, suna maganar mayar da kai gidan kula da tsofaffi a can bayan gari kafin sabuwar shekara. Abin da ya fi ƙona mini rai, wai da aka tambaye ka sai ka gyaɗa kai. Wai mai tausar shiatsu da babban yatsa ɗaya ba shi da abin da zai koma yi a gida.

Ni ce babu a gidan, ko?

Kai ne fa kake korar mutane zuwa wurin likita. Ka manta shekarar da ka dafa cikin Iya Umeno, ka ɗauke hannunka ka ce, "Iya, wannan ba nawa ba ne, gobe ki hau jirgi"? Ta zage ka tas, ta ce kana yi mata rowar yatsa, amma ta je, aka yi mata aiki, ga ta nan har yau tana cika mana shago da minshari. Sau nawa na ji ka ta bayan ƙofa kana cewa likita da aikinsa, kai da naka, tausa tana taya magani ne, ba ta maye gurbinsa? Yau da abin ya zo kanka, ka ƙi likitan, ka ƙi tausar, ka zaɓi bango.

Bari in tuna maka wani abu game da yatsun nan da kake magana kamar naka ne kai kaɗai. Ranar da aka kawo ni gidan nan, mahaifiyarka ta kama hannunka ta buɗe mini shi, ta nuna mini manyan yatsunka, tun a lokacin sun baje kamar bayan cokali. Ta ce, "Kinuyo, wasu gonarsu tana kan tudu, wasu tana cikin teku. Tamu ga ta nan. Ki kula da ita." Na kuwa kula. Tun daga ranar ba ka sake riƙe wuƙa ba. Ni ke buɗe kwalba, ni ke buga ƙusa, ni ke ɗauko buhun shinkafa daga bakin ruwa kana biye da ni hannu a aljihu, mazan tsibiri suna yi maka tsiya wai ka auri lebura. Lemo guda ba ka taɓa ɓarewa ba, kada ƙumba ta tsage ta karci wani. Har Chizuru tana jaririya, in za ka ɗauke ta sai na ce, "A hankali da yatsu."

Kuma ban taɓa kwanciya a katifar nan ba. Ka tuna? A watanmu na farko ka dawo ciki bayan ka sallami mutum na ƙarshe, ka ce in juyo ka duba mini kafaɗa. Na ji kunya, na ce ka gaji, ka adana yatsunka don masu zuwa gobe. Kai ma ka ji kunya, ka ce "to". Ba ka sake tayi ba, ni ma ban sake tayar da maganar ba. Haka muka yi ta kunyar juna har muka yi furfura. Ba ƙorafi nake yi ba, da daɗin rai na yi duk abin da na yi. Ina so ne kawai ka sani cewa ina da rabo a yatsun nan, kuma ba ka shawarce ni ba kafin ka ce sun gama aiki.

Na kunna turare a gaban hoton marigayiya mahaifiyarka na kai mata ƙararka. Ka shirya amsar da za ka ba ta.

Lemo na nan tafe da Genzo. Fushi bai hana ni ɓarewa ba.

Matarka,
Kinuyo

*

Zuwa ga Malam Tokuji,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya sanyi? An ce can cikin gari ya fi nan tsanani, ka riƙa sa rigar ulun da na aiko. Chizuru ta ce kana karanta wasiƙuna, kana ninke su da hannu ɗaya kana turawa ƙarƙashin matashi, amma har yanzu keken matar nan yana komawa babu kowa a kai.

Ka lura yau da Malam na kira ka. Da dalili.

Makon jiya na je taya gidan su Genzo ɗiban lemo, sun yi ƙarancin hannu. Ina miƙa almakashi sama sai kafaɗata ta hagu ta riƙe, hannun ya ƙi sauka ya ƙi hawa. Ba sabon ciwo ba ne, ya daɗe yana yi mini sallama, wannan karon ne dai ya shigo ya zauna. Ko ɗamarar riga ba na iya ɗaurawa ta baya. Na bi koyarwarka, na fara zuwa wurin likitan tsibiri. Ya duba, ya ce babu karaya, babu abin tsoro, ya ba ni magani da abin mannawa. Sannan ya ce in riƙa gasawa, in na samu mai tausa a hankali zai taimaka ƙwarai. Ya yi murmushi ya ce, "Ke da kike gidan Malam, ai kin fi kowa sanin daɗin abin." Na ce masa haka ne. Na fito na zauna a benci na yi ta dariya ni kaɗai, har dariyar ta juye ta zama wani abu.

A hanyar gida na tuna wata magana taka. Ni ban koyi shiatsu ba, amma ƙofar takarda ce tsakanin shago da inda nake guga, kuma ina da kunne. Duk sabon mutum in ya zo yana ɗari-ɗari, nakan ji ka ce masa hannu biyu ne za su sauka a jikinsa. Ɗaya shi ne ɗa, shi ke yawo yana neman inda ciwo yake yana dannawa. Ɗayan uwa ce, ba ta komai, tana dafe wuri guda kawai don jiki ya san ba a bar shi shi kaɗai ba. Kakan ce in babu uwar, jiki tsorata yake yi ya ƙanƙame, komai gwanintar ɗan. Kakan kuma ce ba da ƙarfi ake dannawa ba, jingina ake yi, a bar nauyin jiki ya sauka.

To, Malam, hannunka na dama ba ya yawo yanzu, na yarda. Amma an ce mini yana da ɗumi, kuma yana da nauyi. Me kuma ake nema wurin uwa?

Saboda haka ranar Alhamis zan hau jirgin safe. Kada ka tayar da hankalinka, na riƙe maganarka. Ka ce ba ka so matarka ta gan ka a haka, kuma ba za ta gan ka ba. Mai ciwon kafaɗa ce za ta zo, da ƙyallenta, kuma ka fi ni sanin mai zuwa tausa baya yake juya wa Malam. Da baya zan shigo ɗakin, da baya zan zauna. In ka ga dama ka kore ni, amma ka sani a shekarun nan duka ban taɓa ganin ka mayar da mai ciwo daga ƙofa ba, har masu zuwa kana tsakiyar cin abinci.

Genzo ya ce in na faɗi a matakalar asibiti garin tafiya da baya, shi ba ruwansa. Iya Umeno kuwa ta ce in ka yi gardama in aro sandarta.

Sai na zo.

Mai neman taimakonka,
Kinuyo

*

Zuwa ga maigidana, Baban Chizuru,

Bayan gaisuwa da so, yaya ka kwana, yaya gajiyar aiki? Na daɗe ban yi maka wannan tambayar ba. Na iso gida lafiya ranar nan, teku a kwance.

Na san kana wurin, ba sai an ba ka labari ba. Amma kai bayana kaɗai ka gani, bari in faɗa maka abin da ya faru ta gaba.

Tun daga bakin ƙofa na juya baya. Na shigo da baya ina laluben hanya, na yi karo da kwandon shara, tsohon nan na gadon kusa da naka ya ce, "Baiwar Allah, ƙofar fita tana gabanki." Na ce masa na sani, ba fita zan yi ba. Na samu kujera na zauna, na yafa ƙyallen a kafaɗa, na ƙura wa labulen taga ido. Kai kuwa shiru. Shirun ya yi tsawo har na fara tunanin yadda zan tashi in fita ban fashe da kuka a gaban baƙo ba. A raina na ce shi ke nan, Kinuyo, kin tsufa kin zo kina wasan yara, mutumin nan ya riga ya tafi ya bar ki.

Sai na ji ka ce, "Ƙyallen ya karkace."

Harshen da nauyi, gaskiya ne, amma muryarka ce, da faɗanta da komai. Na ji gadon ya motsa, na ji kana ja da jiki kana nishi, na danne hannuwana a ƙarƙashin cinya don kada in juyo in taimake ka. Ka gyara ƙyallen. Babban yatsanka na hagu ya sauka, bai yi lalube ba, kai tsaye ya je wurin, sai ka ce ya daɗe da sanin gidan. Zafin ya sa na zabura na ƙanƙame jiki. Ka dakata. Ka sake gwadawa, na sake zabura.

Ka ce, "Ɗauko ɗayan."

Na miƙa hannu ta baya ban waiwaya ba, na lalubo hannunka na dama a kan bargo. Ya rame, Baban Chizuru, amma yatsan nan yana nan a baje yadda na san shi. Na ɗago shi na ɗora a kafaɗata ta dama na riƙe shi kada ya zame. Yana da nauyi, yana da ɗumi, kamar yadda aka faɗa mini. Ban san yadda aka yi ba, sai na ji numfashina ya sauka har ciki, kafaɗun suka saki. Ka jingino, ɗan ya shiga aikinsa, uwar tana zaune. Ashe abin da mutanen tsibirin nan ke sha ke nan shekara da shekaru, ni ina bayan ƙofa ina guga! Har haushin Iya Umeno na ji.

Ka tambaye ni, "Tun yaushe?" Na ce tun goyon Chizuru. Ka ci gaba da dannawa. Can na ji wani abu yana ɗiga a ƙyallen ta wajen wuyana, na yi kamar ban ji ba, don ni ma ta gaba haka abin yake. Akwai lokacin da na ji kamar yatsan dama ya ɗan matsa ni. Ko ya motsa ne, ko ni ce na so ya motsa, ban sani ba, kuma ban tambaya ba.

Da ka gama ka ce, da muryar da kake yi wa kowa, "Wannan ba ta zama ɗaya ba ce. Sai kin riƙa zuwa." Na ce, "Malam, ni tsohuwa ce, zirga-zirgar jirgi tana ba ni wuya. Shagonka na tsibiri ya fi mini kusa." Tsohon gadon kusa ya ce, "Ta kama ka, abokina." Kai kuma ka ce "uhm". Na san "uhm" ɗinka kala-kala, na shekara arba'in ina karatunsu, amma wannan ban yarda da kunnena ba sai da Chizuru ta kira washegari ta ce keken ya tafi da kai a kai, har ka yi wa matar da ke koyar da motsa jiki faɗa wai ta makara.

Ita matar ta tare ni a hanyar fita ranar nan. Ta ce ta ga lemon da nake aikowa, ta roƙe ni in daina ɓarewa. Wai hannunka aiki yake so, kowane iri: maɓallin riga, murfin kwalba, ɓawon lemo. Na ce mata to. Ba ta san abin da ta roƙa ba. Ran nan da na zuba su a jaka da ɓawonsu na miƙa wa Genzo, ji na yi kamar na aike ka daji ba takalmi. Na sake kunna wa mahaifiyarka turare na ba ta haƙuri.

Jiya da yamma ina bakin ruwa sai Genzo ya sauko yana wani murmushi, ya miƙo mini ƙulli. Ƙyallena ne da na manta a wurinka. Ya ce, "Malam ya ce a hannunki zan sa, kuma in na matse shi zai karya mini sauran bayan." Na kwance. Lemo ne guda ɗaya, ɓararre. Kai, Baban Chizuru, ban taɓa ganin lemon da ya sha wuya irin wannan ba! Duk ya farfashe, ɓawo a manne ta gefe, ruwan ya jiƙa ƙyallen, kamar ɓera ne ya yi kokawa da shi. Genzo ya ce tsohon gadon kusa ya shaida masa da hannu biyu ka yi, na dama yana tokare, na hagu yana ɓara, kuma ka hana kowa taɓawa.

A tsaye na shanye shi a wurin, gaban mutane, har da guntun ɓawon. Ban ba Genzo ko ɓari ɗaya ba.

Labule yana nan a rataye. Na gaya wa Iya Umeno da Genzo su bi layi, don in ka dawo akwai wadda ta riga su, kuma ta daɗe tana jira. Ka ci abinci, ka bi maganar likita, kada ka cika yi wa matar nan faɗa.

Ranar Alhamis ina tafe. Ka sa a yi maka aski, don wannan karon da gaba zan shigo.

Taka har kullum,
Kinuyo